Ranar da Muka Yi wa Jinjiri Gayya

Duk Wagini babu wanda bai san Abdulmumini ya tsani aikinsa ba. Jakunan garin ma sun sani, don tun bai sauko daga kan mashin ba yake fara faɗa. Shekara talatin da ɗoriya yana aiki a wani katafaren kamfanin robobi a Kano, inda ake buga butoci da bokitai da kujeru, amma bai taɓa zuwa gida Sallah ya ce mana aiki lafiya ba.

Ni ce Zuwairatu, taubashiyarsa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da bakina ya ɗauko in jefa mashi halal ne, ba mai tsawata mani. Jinjiri nake ce mashi, sunan da kakarmu ta laƙaba mashi, ko da yake yanzu furfura ta kai mashi har gira. Shi kuma Uwar Tsiya yake ce mani, ina kuwa amsawa.

Mutum ne mai murya kamar ana kiran shanu daga ƙetaren rafi. Da an gama gaisuwa, ya amsa lafiya lau ɗinsa tiryan-tiryan, sai ya buɗe baki, kuma shi ke nan, kowa ya naɗe tasa maganar ya sa aljihu. Zafin ɗakin inji. Warin narkakkiyar roba da ke bin mutum har cikin tuwo. Takalmin aiki mai ƙarfe a baki wanda ya kashe mashi farce. Sai kuma shugaban sashensu, wani Sadiq.

"Yaron nan na girmi ubansa," in ji shi. "Ko gemu bai tsiro ba, amma shi ke duba agogo in na je fitsari."

In wani ya ce, "To Malam Abdulmumini, ka bari mana, ai ba ɗaure ka aka yi ba," ko kallo bai ishe shi ba. Sai ya zarce kan ɗan karen abincin da ake ba su da rana. Mutane suka ce girman kan 'yan birni ne. Ni kuwa na ce tsabar son ƙorafi ne, an haife shi da shi.

Babbar Sallar bara ce bakinsa ya ja mashi. Suna zaune a ƙofar gidan Malam Sahabi, mai unguwarmu, dattawa sun cika tabarma, ni kuma na zo wucewa da kwanon ƙuli-ƙulina. Sai na ji yana cewa:

"Wallahi da gonar babana a gyare take, da ba ni sake taka ƙofar kamfanin nan. Ku shaida. Ranar da na ga kunya a gonar nan, ranar na bar aiki."

Ya san abin da ya taka. Gonar tana can wajen bakin daji, kuma tun shekarun da aka guji gonakin wannan gefe saboda ɓarayin daji ba wanda ya sa mata fartanya. Sabara da geza sun rufe ta, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Ya ɗauka rantsuwa ce kyauta.

Na aje kwano na ce, "Mun shaida, Jinjiri." Malam Sahabi ya yi murmushi ya ce shi ma ya shaida. Abdulmumini dai ya ci gaba da zancen farcensa.

Ba zan ɓoye ba, so nake ya dawo gida. Sa'o'inmu sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya rasu, 'ya'yana mata suna ɗakunansu, mazan kuma suna gaishe ni da ladabi har abin ya gundure ni. Mutum in ya tsufa yana bukatar wanda zai zage shi ya rama. Kuma tsakani da Allah na gaji da ganin ɗan kawuna yana ƙonewa a wurin da ya tsana, alhali hanyar gida a buɗe take, an ɗan samu sauƙi, mutane sun fara komawa gonakinsu.

Sai na ɗaura ɗamarar gayya. Da bazara na sa aka yi sassabe, aka tuge kututture, aka ƙone. Gonar babba ce, ƙarfinmu bai wuce gefen nan na kusa da hanya ba, daga bakin turba zuwa tsamiya. Na ce ya isa, tsoho ɗaya nawa zai noma? Na ware bunsuruna don tukunyar gayya, na aika ƙauyen Darini aka yi wa makaɗan gangar noma magana. Shanun huɗa kuwa ƙauyen Babban Duhu na aika, gidan su Nu'uman, wani Bafillace da suke aiki tare da Abdulmumini a kamfanin tun suna samari, shi ma duk Sallah yana gida.

Abin mamaki, Wagini ta riƙe sirri. Garin da in kazarka ta yi ƙwai da safe kafin azahar an ji a Batsari! Mata a bakin rijiya in sun haɗa ido da ni sai su toshe baki da gyale. Liman da kansa ya tare ni yana tambaya a hankali ko an samu isasshen irin gero. Ni kuwa ko barci ba na yi sosai, in na tuna fuskar da Jinjiri zai yi sai in tashi zaune ina dariya ni kaɗai.

Allah ya taimake ni, Sallar bana ta zo da ruwa. Ƙasa ta jiƙu sharkaf. Abdulmumini ya iso da ƙorafinsa da butoci shida na tsaraba, ya ci namansa, ya zagi Sadiq son ransa. Da aka kwana biyu Malam Sahabi ya kama hannunsa da hantsi ya ja shi, wai su je su duba wani abu. Rabin gari ya bi su a baya a sace, sauran rabin kuma yana can gona tun da safe.

Suna karyo kwanar turba na ɗaga wa makaɗa hannu. Ganguna suka tashi gaba ɗaya. Samari sun jeru da garemani, shanun Babban Duhu sun riga sun ja kunyoyi zara-zara, mata sun jera ƙoren fura da tukwanen tuwo a inuwa, ana ta guɗa. Wani maroƙi ya tare shi yana kirari: "Ga na Kano ya dawo! Ga mai buta ya zama mai gero!"

Jama'a, bakin Abdulmumini ya rufu. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin haka ba. Ya tsaya, ya dubi kunyoyin nan, ya dubi mutane, ya cire hula ya mayar. Aka ce farin ciki ne ya ɗaure mashi harshe. Ni kuwa na manta da ciwon gwiwa, na shiga fili na taka rawa har ɗankwalina ya faɗi, ina nuna shi da yatsa ina cewa, "Yau ƙaryarka ta ƙare, Jinjiri. Kano ta yi rashin masifaffe."

Aka shimfiɗa mashi tabarma ƙarƙashin tsamiya kamar ango. Ya zauna, yana ta yaƙe.

Ina cikin raba fura ne na lura da wani abu. Nu'uman yana can ƙarshen gona riƙe da igiyar shanu, nesa sosai, ga kiɗa ya cika duniya, ko na kusa da kai sai ka yi ihu zai ji. Nu'uman mutum ne shiru-shiru, in ka gaishe shi ya sunkuyar da kai, mu duk mun bar shi a kan kunyar Fulani ce. Sai na ga ya ɗaga hannu ya shafi haɓarsa, ya buga bayan hannunsa da yatsa biyu, ya nuna shanun. Abdulmumini daga kan tabarma ya miƙe zumbur. Ya tura ciki gaba, ya juya yatsa a gefen kai, ya yi wani abu da tafin hannu kamar mai kife kwano. Nu'uman ya saki igiya ya riƙe ciki.

Suka ci gaba. Hannu ya tafi, hannu ya dawo, da ido, da kafaɗa, da leɓe. Tsofaffin nan biyu, gona guda a tsakaninsu, suna zuba hira ba kalma ɗaya. Abdulmumini ya yi dariya har ya durƙusa yana dukan ƙasa, hawaye na zuba. Rabon da in ga irin wannan dariya a fuskarsa tun muna yara muna satar gyaɗar kakarmu. Na ji daɗi, na kuma ji wani ɗan kishi, don ni ce ya kamata in sa shi wannan dariyar.

Da rana ta take aka tsayar da kiɗa don a ci abinci. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar ludayi. Malam Sahabi ya miƙe, shi kuma mutum ne mai sanyin murya. Ya yi godiya ga jama'a, ya tuna rantsuwar bara, ya ce mumini ba ya saɓa alkawari, ballantana Abdulmumini. Aka yi dariya. Sannan ya juyo ya ce:

"To Malam, ga kunya ka gani da idonka. Yaushe za ka je ka yi masu sallama, ka kwaso mana iyali?"

Abdulmumini ya ƙura wa bakin Malam Sahabi ido. Ya saci kallon Nu'uman, shi kuwa ya ba da baya yana ba shanu ruwa. Kowa na jira. Can sai ya ɗaga hannu biyu ya shafa a fuska kamar addu'a aka yi, ya tashi ya ɗauki buta ya zagaya bayan tsamiya, ya nufi cikin sabarar da ba a sare ba. Samari suka fashe da dariya, wai murna ta kaɗa mashi ciki. Makaɗa suka koma kan gangunansu.

Ni raina ya ɓaci. Bunsuruna fa ke cikin tukunyar nan. Na bi shi, na same shi tsaye ya ba ni baya, butar na hannunsa ko buɗe ta bai yi ba.

"Jinjiri," na ce. "Wane irin wulaƙanci ne wannan? Mai unguwa na yi maka magana ka tashi?"

Bai motsa ba. Na matsa har ina ganin zaren da ya tsinke a wuyan rigarsa. Na sake kira, na zage shi, na zagi farcensa, na haɗa da kamfanin da Sadiq. Ko gezau. Abdulmumini da ba a taɓa zaginsa ya bar bashi ya kwana ba. Na duƙa na ɗauki hoge na jefe shi a gadon baya.

Ya juyo a firgice. Da ya ga ni ce sai ya sauke numfashi.

"Uwar Tsiya," ya ce, "in za ki yi mani magana ki tsaya gabana, ki buɗe baki da kyau. Ba na ji."

Na matso na tsaya gabansa.

"Kunnen dama ya mutu tuntuni. Na hagu ganga yake ji, da tsawa, da inji. Likitan kamfani ya ce ba ya dawowa. Matata ta sani, Nu'uman ya sani, shi ma nasa sun kusa. Yau ke ce ta uku."

"To gaisuwa fa?" na ce, ina buɗe baki kamar mai koya wa yaro karatu. "Kana amsawa."

"Gaisuwa ai jerinta ɗaya ne tun zamanin kakanni. In na ga baki ya tsaya in ce lafiya lau. Bayan gaisuwa ne tashin hankali. Shi ya sa nake kama magana ba na saki. In na yi shiru wani zai tambaye ni wani abu."

Na ce, "To ai shi ne dalilin da za ka baro su. Su suka cinye maka kunne."

Ya gane, don ya gyaɗa kai. "Su ne. Kuma na tsani aikin nan, Zuwaira, duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko rabi ban faɗa ba. Amma can da an tada inji kowa kurma ne. Manaja ma in ya shigo da hannu yake magana. A ɗakin nan ba abin da ke wuce ni, wanda zai yi aure, wanda matarsa ta yi yaji, wanda aka kama yana barci bayan buhuna. Ni ke ba su dariya. Yaran da aka ɗauka sabbi wurina suke koyon hannu. Sadiq ɗin ma in ya ga na yi fushi zuwa yake ya yi mani alamar ban haƙuri."

Ya dubi wajen da ƙurar gayya ke tashi.

"Nan kuwa in na zauna ƙofar gidan Malam Sahabi, sai in ga bakuna na motsi, in ga an yi dariya in bi baya. Kwana uku na Sallah ina iyawa. Ki ce in yi haka har in mutu? A garin da aka haife ni, in zama tsohon da ake yi wa ihu ana nuna mashi kwano?" Ya share ido da hula. "'Yan shekaru suka rage mani su sallame ni da kansu. Ki bar ni in cinye su cikin mutane. Amma na rantse gaban dattawa, ga shi kin yi kunya. Me Malam Sahabi ya ce ma?"

Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya kama ni, na kuma ji ina son in zauna cikin sabarar nan in yi kuka. Amma kuka ba ya warware rantsuwa. Na gyara ɗaurin zane na juya.

Na shiga tsakiyar fili na dafa gangar babban makaɗi, kiɗa ya mutu. Na ce, "Malam Sahabi, Allah shi ba ka nasara, tambaya gare ni. Gonar nan ta wa ce tun asali?"

Ya ce ta kakanku ce.

"An taɓa raba ta tsakanin uwata da uban Jinjiri?"

Ya shafa gemu. "Gaskiya ba a raba ba. Uwarki ta bar wa ɗan'uwanta yana nomawa."

"To yau ɗiyarta ta zo karɓa. Rabon mace bai kai na namiji ba, na sani, ban kuma yi zari ba. Daga bakin turba zuwa tsamiya na uwata ne. Gonar baban Jinjiri ga ta can bayan tsamiya, sabara ta rufe ta, ko kunya ɗaya babu. Ranar da ya gyara abinsa ya bar aiki. Ni dai na gode maku, Allah shi saka da alheri, a ƙarasa mani huɗar nan kafin la'asar."

Wuri ya kece da dariya. Wani saurayi ya yar da garma ya kwanta a ƙasa yana shure-shure. Mata suka kama salati suna tafa hannu. "Tsohuwar nan ta ci mu da rai!" in ji wani. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Wasu dattawa sun ji haushi, na gani a fuskarsu, amma me za su ce? Tsakanin taubasai ne, ba a kai shi gaban alƙali, kuma naman bunsuruna na cikin cikinsu. Maroƙin nan bai ɓata lokaci ba ya juya kirari kaina: "Ga mai cin gona da sunan wani! Zuwaira kura, ko ɗan kawunki ba ki bari ba!"

Abdulmumini ya fito daga bayan tsamiya ya tarar da gari ya hautsine. Na ga Nu'uman ya ɓoye hannu a gefen shanunsa, ya yi mashi 'yan alamu da sauri. Ya nuna ni, ya ja layi a iska, ya dunƙule hannu ya kai ƙirji. Abdulmumini ya dube ni. Kallo ɗaya ne, gajere. Daga nan ya cika huhunsa da iska.

"Kun gani ko? Kun ga Uwar Tsiya? Ta tara ku ta ƙwace mani gado! Yanzu ina zan sa kaina? Haka zan koma cikin wutar nan, yaron da bai da gemu ya riƙa duba mani agogo!"

Ya yi ta yi, yana jifa da hula, yana ɗagawa, ana riƙe shi, ina ramawa, makaɗa na bin mu da kiɗa. Ba a taɓa gayya mai daɗin wannan ba a Wagini, har yau ana zancenta. An gama huɗa, an shuka mani gero da wake. Sunana kuma ya ɓaci daidai gwargwado, yanzu ko rancen turmi na je yi sai an ce in rantse ba na gadon uwata ba ne.

Washegari da safe mai mashin ya zo ɗaukarsa zuwa tashar Batsari. Na fito da ƙullin ƙuli-ƙuli na cusa mashi a jaka, yana ta faɗa, wai ko motar Kano ma kujerunta sun fi na kamfaninsu taushi. Ya hau, ya gyara zama, ya ba ni baya. Mai mashin bai riga ya tayar ba, unguwa shiru.

Na ce, da muryata ta kullum, "Ni fa da gaske nake so ka dawo, Abdulmumini. Duk duniya ba sauran wanda ya san ni ina yarinya sai kai."

Mai mashin ya waiwayo ya dube ni, ya dubi fasinjansa, ya sake dubana. Na ce mashi ya ja su tafi, rana na yi.